Abin da jinyar masu gazawar zuciya a gidajensu ta koya mini

Aikina a Ingila shi ne bin masu fama da gazawar zuciya har gidajensu bayan an sallame su daga asibiti, a ƙarƙashin hukumar lafiya ta ƙasar, wato NHS. Mutum kusan miliyan ɗaya ne ke ɗauke da wannan ciwo a Birtaniya, yawancinsu tsofaffi, kuma abin da ya haɗa su shi ne zuciya ta kasa harba jini gwargwadon buƙatar jiki, sai ruwa ya riƙa taruwa a ƙafafu da ciki da huhu. Babban abin da na fahimta shi ne asibiti yana iya ceto ran mutum cikin mako guda, amma ko zai sake komawa gadon asibiti ko zai zauna lafiya cikin iyalinsa, wannan a gida ake yanke shi, a makonnin da ke biyo bayan sallama.

Ba da ka aka kafa wannan fanni ba. A shekarar 2001 aka wallafa sakamakon wani bincike da aka yi a birnin Gilasgo, wanda wata ma'aikaciyar jinya mai suna Lynda Blue ta jagoranta tare da likitocin zuciya, inda aka bi marasa lafiya 165, aka ga waɗanda ƙwararriyar nas ke ziyarta a gida ba sa yawan komawa asibiti saboda ciwon kamar sauran. Yanzu ƙa'idar hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ita ce ƙwararrun sashen gazawar zuciya su duba duk wanda aka sallama kafin mako biyu su cika.

Darasin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne na magani. Ga wanda hoton zuciya ya nuna ɗakin hagu na ƙasa ba ya fitar da fiye da kashi 40 cikin ɗari na jinin da ke cikinsa a kowane bugu, akwai rukunin magunguna huɗu da aka tabbatar suna rage mace-mace: irin su ramipril ko sacubitril da valsartan, sai bisoprolol da danginsa, sai spironolactone, sannan dapagliflozin ko empagliflozin, waɗanda tun asali don ciwon suga aka yi su kafin binciken 2019 da na 2020 su nuna amfaninsu ga masu gazawar zuciya. Rubuta sunayensu ba wuya. Wahalar tana wajen kai kowanne ga adadin da zai yi aiki ba tare da an cutar da mai shan sa ba. Bisoprolol ana fara shi ne daga miligiram 1.25, a riƙa ƙarawa a hankali har zuwa 10 idan jiki ya ɗauka, kuma kafin kowane ƙari sai na auna bugun zuciya da hawan jini, a zaune da a tsaye. Ramipril da spironolactone kuwa suna taɓa ƙoda, suna kuma ɗaga sinadarin fotashiyam a jini, don haka duk sauyin da aka yi sai an bi shi da gwajin jini cikin mako ɗaya zuwa biyu. Mutane da dama suna fitowa daga asibiti da mafi ƙanƙantar adadi, kuma idan babu mai bibiya, a nan za su tsaya shekara da shekaru ana zaton ana yi musu magani. Wannan yana damuna ƙwarai, domin asara ce da ba ta da hayaniya, babu mai kai ƙara a kanta.

Shiga gidan mutum yana nuna abin da fayil ba ya nunawa. Nakan tambayi mara lafiya da matashin kai nawa yake kwana, domin wanda ya koma kwana a kan kujera saboda numfashi ruwa ya fara cika masa huhu, ko da bakinsa na cewa da sauƙi. Nakan kuma nemi a fito mini da duk magungunan da ke gidan, har da na kanti. A nan ake gano ibuprofen ko diclofenac da aka saya don ciwon gwiwa, alhali suna riƙe ruwa a jiki suna kuma wahalar da ƙoda, ko gishirin nan da ake tallatawa a matsayin mai sauƙi, wanda fotashiyam ne ya cika shi. A gidajen 'yan uwanmu na Afirka ta Yamma kuwa na san in tambayi dunƙulen miya da kanwa, abin da abokan aikina Turawa ba zai zo musu a rai ba.

Sikelin awon nauyi ya fi yawancin na'urorinmu amfani. Muna koya wa mutum ya hau shi kowace safiya bayan ya yi fitsari, kafin ya karya, ya rubuta. Idan ya ga ƙarin fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ya kira mu a ranar. Sau da yawa ƙara furosemide na 'yan kwanaki, maganin da ke fitar da ruwa ta fitsari, ya isa ya hana kwanciya asibiti. Sai dai na koyi cewa wanda ya ƙi shan wannan magani ba lallai taurin kai ba ne. Dattijon da zai hau mota zuwa masallacin Juma'a, ko tsohuwar da banɗakinta ke saman bene, suna da hujja, kuma sauya lokacin shan maganin ya fi yi musu faɗa. Haka batun azumin Ramadan: gara a zauna tun cikin Sha'aban a duba wanda jikinsa zai iya da wanda Shari'a ta ba shi rangwame, da a bar shi ya yanke maganin a ɓoye.

Akwai kuma maganar da ba a son yi. Kusan rabin waɗanda aka gano suna da ciwon ba sa wuce shekara biyar, kuma ciwo ne mai tashi da kwantawa, har iyali su saba ganin nasu ya farfaɗo. Nas ɗin da ta daɗe tana shiga gidan ita ta fi cancanta ta buɗe zancen inda mutum yake so a yi jinyarsa ta ƙarshe, da batun kashe na'urar da aka dasa masa mai girgiza zuciya da lantarki, don kada ta riƙa azabtar da shi a sa'o'insa na ƙarshe.

Ga mai sha'awar wannan hanya, bayan rajista da NMC, majalisar kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ta Birtaniya, ana buƙatar gogewa a ɗakin masu ciwon zuciya, da ƙarin karatu kan duba mara lafiya, sannan kwas ɗin rubuta magani, wanda tun 2006 ya ba ma'aikatan jinya da suka cancanta damar rubuta magunguna da kansu a fanninsu. Tausayi kaɗai ba ya isa. A ɗakin mara lafiya ke kaɗai ce, babu likita a bayan labule, kuma ke za ki saurari ƙirji, ki karanta sakamakon ƙoda, ki yanke ko a ƙara magani, ko a dakata, ko a kira motar asibiti nan take.