Daga Moniya Zuwa Mile 2: Abin Da Na Gani A Kan Layin Dogon Legas

Tafiyar sarin kaya ce ta kai ni Ikko, motar dare muka bi daga Kano ta Abuja da Lokoja da Okene, gari ya waye mana a hanya, muka iso Ibadan jiki duk ya yi tsami. Anan ne na ce a'a, ba zan ƙarasa a mota ba, tunda dai ana ta zancen jirgin ƙasan nan na Ibadan zuwa Legas da aka buɗe a 2021 gara in ɗanɗana. Na hau acaɓa zuwa tashar Moniya na yanki tikiti na zauna kusa da taga. Jirgin tsaf, ga sanyi, mun tsaya Abeokuta muka wuce, daji ne da gonakin rogo har bacci ya fara ɗibata.

Daga wajen Agbado ne baccin ya gudu, domin nan gari ya fara matse layin. Gidaje da rumfuna sun zo dab da shinge, inda shingen ya ɓalle kuwa mutane ne kawai ke ratsawa, mace da tire a ka, ɗan makaranta da jaka, wani na jan akuya. Direba kuwa hon yake ta dannawa ba ƙaƙƙautawa, ni da nake ciki gabana ne ke faɗuwa amma su na waje ko a jikinsu.

Agege na sauka wajen kawuna, tsoho ne da ya daɗe a harkar goro. Wanda bai san Agege ba sai ya ɗauka Sabon Gari ko Fagge ya shigo, Hausa ake yi ko ta ina, da Sarkin Hausawa da masallatai da masu shayi. Kuma dogon nan shi ya tara mu a wurin tun farko, tunda layin ya kai Kano a 1911 goro ke hawa arewa shanu na gangarowa kudu. Shi ya sa mutanenmu na can ba sa ganin layin dogo a matsayin abin tsoro, maƙwabci ne da aka tashi tare. Da daddare muna shan shayi Kawu yake ce min, ɗana, a da jirgi sai ya wuni bai zo ba, in zai zo kuwa tun daga nesa za ka ji ƙasa na rawa, mata su kwashe tumatir da barkono daga kan ƙarfe, ya wuce a hankali su mayar da kayansu. Na ce Kawu ai yanzu ba haka ba ne. Ya ce wallahi ba haka ba ne, amma ƙafa ta riga ta saba.

Abin da ya canza shi ne yanzu ba jirgi ɗaya ke bin wurin ba. Ga na Ibadan, ga jiragen kaya da ke fitowa daga tashar ruwa ta Apapa, ga kuma Red Line, jirgin fasinja na cikin gari na gwamnatin jihar Legas, wanda Shugaba Tinubu ya ƙaddamar ranar 29 ga Fabrairun 2024 ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba na shekarar. Kilomita 27 ne daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba, wato dai unguwannin da suka fi ko'ina cunkoso su ya ratsa ta tsakiyarsu. Saboda shi aka gina gadojin sama na mota a Ikeja da Mushin da Yaba da Oyingbo don a raba titi da dogo, ta Pen Cinema a Agege kuma tun 2021 aka buɗe ta.

Washegari da safe muka fita da ɗan Kawu za mu hau Red Line ɗin, ya ara min katin Cowry da ake biya da shi. Kafin mu isa tasha na ga abin da har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Wani yaro matashi, daga ganinsa ɗan arewa ne, irin masu tallan gyaɗa da dabino, ya tsaya bakin layi yana jiran jirgi ya wuce, ya yi daidai har nan. Wutsiyar jirgin na wucewa sai ya sa ƙafa, bai ko waiga ɗaya ɓangaren ba, ga abin sauraron waƙa toshe a kunnuwansa. Wata mata Bayarabiya mai sayar da burodi ce ta fizgo rigarsa ta baya tana ta masa faɗa da Yarbanci. Allah ya sa babu wani jirgin a layi na biyu a lokacin, amma da akwai fa? Jirgin da ya wuce shi ke rufe maka ido daga wanda ke tahowa, ƙararsa kuma ta danne ƙarar wancan. Duk inda layi ya wuce ɗaya, sai ka bari na farko ya yi nisa ka ga hagu ka ga dama fes sannan ka taka. Na ƙarasa wajen yaron na ce ƙanena don Allah cire abin nan daga kunne in za ka tsallaka, ya ce to Yaya, yana murmushin kunya.

Mutane da yawa suna ɗauka jirgi kamar mota ne, in direba ya gan ka zai taka birki. Ba ya yiwuwa. Ƙarfe ne ke gudu a kan ƙarfe, ga nauyin tarago da wagunu, ko ya ja birkin gaggawa sai ya ja doguwar tafiya kafin ya tsaya, kuma ba shi da sitiyarin da zai kauce maka. Sannan jikinsa ya fi layin faɗi, wanda ya tsaya a gefen ƙarfe yana ganin ai ban hau ba, gefen jirgin zai iya kwashe shi, balle mai babbar riga ko mayafi da iska ke kaɗawa. Da muka zo wucewa ta wajen PWD tsakanin Ikeja da Oshodi ɗan Kawu ya nuna min ta taga ya ce nan ne. Ranar 9 ga Maris 2023 jirgi ya yi awon gaba da bas ɗin ma'aikatan gwamnatin Legas a mararrabar nan da sassafe, mutum 6 suka rasu, gommai suka jikkata, bayan direban ya ƙi bin masu tuta da suka tsayar da motoci. Mutane ne da suka yi sallama da iyalinsu za su ofis. Allah ya jiƙan musulmin ciki, ya ba iyalan duka haƙuri.

A Oyingbo muka sauka, muka shiga danfo zuwa cikin Eko, na gama abin da zan yi a kasuwar Balogun sannan muka taka zuwa Marina don hawa Blue Line, ɗaya jirgin cikin garin na gwamnatin jiha. Wannan kam daban ne. An fara jigila da shi ranar 4 ga Satumban 2023, kilomita 13 zuwa Mile 2, tasha biyar. Daga Marina a sama yake tafiya, ka ga ruwa a ƙarƙashinka da jiragen ruwa can gefen Apapa, ka wuce National Theatre, sannan ya sauko ƙasa ya shiga tsakiyar babban titin Badagry ta Orile da Alaba, an killace shi da shinge hagu da dama, tasha ma ta gadar sama ake shigarta. Kusan minti 20 muka yi, hanyar da a mota in gosulo ya kama ka sai ka yi awa biyu.

To anan ne hatsarin da na fi jin tsoro yake, kuma shi ne wanda mutanenmu suka fi ƙarancin sani. Blue Line da lantarki yake aiki, kuma wutar ba a waya take a sama ba, a ƙasa take, akwai ƙarfe na uku da aka shimfiɗa a gefen biyun da tayoyi ke bi, shi ke ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 750. Ma'ana ko babu jirgi ko ɗaya a kusa, layin kansa yana kisa. Hukumar LAMATA mai kula da sufurin Legas ta sha yin gargaɗi a kan haka tun kafin a kunna wutar. Dabarar duba hagu duba dama da ke aiki a Agege ba ta da amfani anan, ba a tsallakawa kwata-kwata sai ta gada. Wayarka ko hularka ta faɗa kan layi, ma'aikaci za ka kira, kar ka ce bari in yi wuf in ɗauko. Kuma jirgin ba shi da rugugin nan na dizal, sai ya zo kusa kake jin sa.

Na tsaya a kan gadar Mile 2 ina kallon 'yan dako da masu baro, rabinsu yaranmu ne daga Kano da Jigawa da Katsina da Nijar, wasu ko wata ba su yi da zuwa ba, ba sa karanta Turanci ba sa jin Yarbanci, allon gargaɗi a wurinsu ado ne kawai. Kuma gaskiya hawa matakalar gada da buhun albasa a ka ko da baro ba wasa ba ne, tsoho mai ciwon gwiwa ma haka, shi ya sa duk inda aka samu ɓaraka a shinge nan ake bi. Ina ganin ya kamata gadojin su samu gangaren da baro zai hau, a kuma yi sanarwa da Hausa da lasifika a tashoshi da kasuwanni, domin ana kan aikin ƙarasa layin zuwa Okokomaiko, zai bi ta gaban Alaba Rago inda 'yan arewa suke da yawan gaske.

Da na koma Agege da magariba na kwashe duka na faɗa wa Kawu, musamman zancen ƙarfe na ukun nan, ya ce shi kansa bai taɓa ji ba sai yau. Na roƙe shi ya yi wa liman magana a ɗan ja hankalin jama'a bayan sallar Juma'a, a kuma gaya wa shugabannin 'yan dako su riƙa faɗa wa sabbin zuwa tun ranar da suka sauka daga tirela. Ya ce in sha Allahu zai same su da kansa, har da na Mile 2 ɗin yana da wanda ya sani a cikinsu. Da asuba na kai kayana garejin Ido aka yi lodi, na kama hanyar gida.