Zazzaɓin da ya sauka ya bar baya da ƙura

Ranar kasuwa ce aka kawo shi ƙaramin asibitinmu da ke gefen Ringim, ɗan shekara uku, goye a bayan kakarsa. Kwana shida jiki kamar garwashi. Idanu jajur amma ba kwantsa, leɓe duk ya tsattsage, tafin hannu da na ƙafa a kumbure. Gwajin maleriya bai nuna komai ba. Kakar ta ce, "Malama, baƙon dauro ne, mun san shi."

Na biye mata, alhali ba tari, ba majina, katin rigakafinsa kuma cike yake. Na ba da maganin zazzaɓi na sallame su.

Bayan mako biyu suka dawo, fatar yatsunsa tana ɗayewa. Zazzaɓi ya sauka, uwar har tana godiya. Likitan da ke leƙo mu ranar Laraba ya kalli yatsun, ya yi shiru, ya rubuta takardar zuwa Kano. Hoton zuciya ya nuna ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke ciyar da ita kanta zuciyar da jini ta buɗe kamar balan-balan.

Ciwon Kawasaki ke nan, wanda wani likitan yara a Japan, Tomisaku Kawasaki, ya bayyana a 1967. Garkuwar jikin yaro ce ke wuce gona da iri, ta kumbura bangon jijiyoyi. Inda bango ya yi laushi sai ya buɗe, jini ya iya daskarewa a wurin. In ba a yi magani ba, kusan ɗaya cikin huɗu na samun wannan. In an yi ƙarin sinadarin garkuwa ta jijiya cikin kwana 10 na farko, haɗe da asfirin, hatsarin na raguwa sosai. Kwana goman nan, huɗu suka rage ranar da yaron ya zo hannuna.

Yanzu duk zazzaɓin da ya kai kwana biyar ba na barinsa haka. Mutanenmu ba sa ƙirga da kalanda, don haka sai in ce, "Inna, kafin kasuwa ya fara ko bayanta?" In rubuta ranar a kati, sannan in buɗe bakin yaro in juya tafin hannunsa.

Shi kuwa wancan yaron yana shan asfirin ɗinsa kullum. Babansa na kai shi Kano a sake hoto, in kuɗin mota sun samu.