Saƙon godiya ga malamar lesin 'yata da waɗanda suka haɗa mu da ita

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Dukkan yabo ya tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya nuna mana wannan rana bayan shekara guda cur da muka shafe cikin zullumi a kan karatun babbar 'yarmu. Sakamakonta na WAEC ya fito, na JAMB ma ya fito, kuma dukansu sun yi kyau fiye da yadda muka sa rai. Tun da labarin ya bazu a Anguwan Rogo 'yan uwa da maƙwabta suke ta shigowa yi mini barka, alhali ni ne mafi ƙarancin hannu a wannan nasara, kuma ina da kaso mai tsoka a faɗuwar da ta gabace ta. Saboda haka na ga ya dace in rubuta wannan saƙo a fili domin yabo ya koma ga masu shi. Ba zan kama sunan kowa ba, domin wadda ta fi cancanta a ambata ta roƙe ni kada in yi, kuma ba zai yi kyau in jera sunayen wasu in tsallake nata ba.

Bara, sa'ad da yarinyar take ajin ƙarshe na sakandare, na ɗauko mata malamin lesin kamar yadda na ga kowa yana yi. Ni mai sayar da kayan gyaran mota ne a Dilimi, kuma ko fulogi ba na karɓa daga hannun dila sai na juya shi na tabbatar ba jabu ba ne, amma da aka zo batun wanda zan damƙa wa karatun 'yata, lambar waya kawai na kwafa daga wata takarda da aka manna a jikin bango. Saurayin ya zo fes da shi, Turanci a bakinsa kamar ruwa, ya ce shi kaɗai zai koyar da lissafi da Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, ni kuwa har murna nake yi na sami sauƙi. Wata huɗu yana zuwa. Duk lokacin da na buɗe littafin yarinyar sai in ga amsoshi reras babu kuskure ko ɗaya, ban lura ba cewa shi yake warware tsofaffin tambayoyin a kan ɗan allonsa, ita kuwa kwafa kawai take yi. Ana saura mako uku a fara jarrabawa ya ja ni gefe ya ce in ƙaro kuɗi, akwai hanyar da amsa za ta iske ta har cikin ɗakin jarrabawa. Na ƙi, kuma don in faɗi gaskiya, ban da tsoron Allah akwai tsoron abin da na gani ya sami ɗan wani maƙwabcinmu, wanda aka riƙe sakamakonsa saboda irin wannan harka. Daga ranar bai sake dawowa ba, duk da cewa kuɗin watan yana aljihunsa.

A watan Agusta sakamako ya fito da E8 a lissafi da D7 a Kemistiri, ga shi kuma tun kafin nan ta sami 164 cikin 400 a JAMB. Iyaye sun san abin da wannan yake nufi. A fannin kimiyya jami'a tana neman kiredit biyar har da Turanci da lissafi, kiredit kuwa daga A1 yake farawa ya tsaya a C6, sannan makin JAMB ba ya tsallakawa zuwa wata shekara. Gidanmu ba shi da nisa da harabar Jami'ar Jos ta titin Bauchi, kullum ɗalibai suna wucewa ta bakin layinmu, sai yarinyar ta daina leƙa ko ƙofar gida. Mahaifiyarta ce ta san irin daren da ta raba tana lallashi.

Godiyata ta farko ga dattijon masallacinmu ce, tsohon hedimasta wanda ya yi ritaya da daɗewa. Bayan sallar Magariba na kai masa kukana ina ta zagin malaman lesin na zamani, ya bar ni sai da na gaji, sannan ya tambaye ni me yaron ya karanta, a wace makaranta yake koyarwa da safe, kuma sau nawa na zauna na saurari darasinsa. Ban iya amsa ko ɗaya ba. Ya ce, "Alhaji, wanda ya ce maka shi kaɗai zai riƙe darussa biyar, ko dai ya ƙware a ɗaya yana lallaɓa huɗu, ko kuma duka biyar ɗin lallaɓawa yake yi." A bakinsa na fara jin cewa takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya, kuma akwai hukumar rajistar malamai, TRCN, wadda dokar 1993 ta kafa, mai ba malami shaidar da kowane uba yake da ikon ya ce a nuna masa. Amma ya gargaɗe ni kada in tsaya a takarda. Ya ce in rufe shago in zauna a darasin farko, ko ban fahimci abin da ake koyarwa ba, in lura da abu ɗaya tak, wato a hannun wa biro ya fi daɗewa.

Shi ne ya yi ta aike wajen tsofaffin abokan aikinsa har aka turo mana mutum uku. Na farko ya nemi kuɗin wata uku kafin ya ga yarinyar, na biyu ɗalibin jami'a ne mai ƙoƙari amma lokacinsa ba nasa ba ne, ta ukun kuwa ita ce dalilin wannan rubutu. Ta yi NCE a lissafi da Kemistiri a Kwalejin Ilimi ta Gindiri, ta yi digirin koyarwa a Jami'ar Jos, tana koyarwa a wata sakandaren gwamnati, kuma tana cikin malaman da ake gayyata duba takardun jarrabawa. Da takardunta ta zo a cikin fayil tun ban tambaya ba. Addininmu ba ɗaya ba ne, unguwarta kuma tana can ɗaya ɓangaren gari, kuma duk wanda ya san Jos ya san cewa mace ta riƙa ratso gari zuwa unguwarmu sau uku a mako ba ƙaramin abu ba ne, a wajenta da wajen mutanen gidanta. Ta yi hakan wata bakwai.

Ranar farko ina zaune a gefe a kan kujerar roba, ina jiran in ga ta buɗe littafin tsofaffin tambayoyin WAEC da na saya mai kauri kamar bulo. Ko kallonsa ba ta yi ba. Farar takarda ta ciro ta rubuta tambayoyi goma sha biyu da hannunta, irin na ƙarshen firamare da ƙaramar sakandare, ta miƙa wa yarinyar ta ce, "Ƙanwata, ki yi a nutse, ba maki zan ba ki ba, so nake in ga yadda kike tunani." Tambaya ta uku ita ce a haɗa rabi da sulusi. Yarinyar da ta gama sakandare, wadda na biya wa lesin na wata huɗu, ta haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ta rubuta biyu bisa biyar. Malama ba ta ce mata ta yi kuskure ba. Ta sa aka kawo burodi daga cikin gida ta yanka shi gida shida daidai, ta ware uku ta ce ga rabi, ta ware biyu ta ce ga sulusi, sannan ta tambaye ta yadda aka yi mutum yana da rabin burodi, aka ƙara masa wani, amma abin hannunsa ya koma bai kai rabi ba. Yarinyar ta daɗe tana kallon yankan nan biyar a kan faranti, can ta ɗauki biro da kanta ta rubuta biyar bisa shida, sai hawaye. Ni ma kunya ta kama ni, domin wannan lissafi na rabi da sulusi da sudusi shi ne wanda muke ji kullum a wajen malamanmu idan ana rabon gado, kuma da na taɓa zama da ita na minti goma da na gano inda ramin yake.

Da aka tashi ta gaya mini cewa mako shida za ta yi ba ta taɓa manhajar WAEC ba, kuma kada in yi wa yarinyar rajistar jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara, in jira ta farkon shekara mai kamawa. Raina bai so ba, har na ce mata kuɗi nake biya don a shirya ta jarrabawa, ba don a mayar da ita firamare ba. Cikin ladabi ta ce, "Alhaji, faɗuwar nan biyu da kake gani ciwo ɗaya ne. Rabin tambayoyin da suka kayar da ita a Kemistiri lissafin kaso ne aka sa masa rigar Kemistiri, idan muka gyara wannan, wancan zai biyo shi." Ta kuma ba da shawarar a sake rubuta darussan gaba ɗaya maimakon biyun da aka faɗi, saboda akwai fannonin da wasu jami'o'i ba sa karɓar haɗin sakamako biyu, ta nuna mini inda ake duba wannan sharaɗi a kundin bayanan JAMB. Na koma wajen hedimasta ina ƙorafi, ya yi dariya ya ce in je in biya ta kuɗinta in yi shiru.

Abin da na gani a watannin da suka biyo baya ya sa na daina ƙorafi. Biro yana hannun yarinyar daga farkon darasi har ƙarshensa. Akwai wani ƙaramin littafi da Malama ta sa ta buɗe, ba a rubuta komai a ciki sai kurakuranta da dalilin kowanne, kuma da shi ake fara darasin kowace Asabar. Da yake ta san yadda ake duba takarda, ta koya mata cewa a ɓangaren rubutu na lissafin WAEC ana ba da maki a kan matakan aiki, don haka wanda ya rubuta amsa tsirara ya zubar da maki ko da ya dace, wanda kuma ya nuna hanyarsa zai tsira da wani abu ko da ya kuskure a ƙarshe. Takan zo da rahoton manyan masu duba jarrabawa da WAEC take fitarwa, su bi wuraren da ɗalibai suka saba tuntuɓe. A ƙarshen kowane wata takan zaunar da ni da mahaifiyar yarinyar ta faɗa mana inda aka ci gaba da inda aka cije, ba ta taɓa yi mana alkawarin maki kaza ba. Abin da ya fi ƙara mata daraja a idona shi ne ranar da ta ce Turanci da Fiziks ba fanninta ba ne, ba za ta karɓi kuɗinsu ba, ta haɗa mu da abokan aikinta biyu da suka riƙa zuwa sau ɗaya a mako. Ina miƙa godiya gare su, musamman malamin Turancin da ya sa yarinyar rubuta wasiƙa ko insha'i kowane mako, yana mayar mata da takardar jajir da gyara.

A cikin sanyin Disamba da Janairu, irin wanda yake sa yatsu su ƙi riƙe biro, Malama ba ta fasa zuwa ba. Takan iso da ƙarfe huɗu cikin rigar sanyi ta tafi kafin Magariba, a 'yan kwanakin da aka yi zaman ɗar-ɗar a gari kuwa ta WhatsApp aka yi darasi, yarinyar tana ɗaukar hoton aikinta tana turawa. A nan dole in gode wa mai keken layinmu, wanda ya ɗauki nauyin kai ta har ƙofar gidanta a kowace rana, kuma ba ya juyowa sai ya ga ta shiga.

JAMB kuma wani fage ne daban. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, sauran darussa uku 40 kowanne, wato daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya, kuma tun 2015 a kan kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Sai a lokacin muka gane cewa bara yarinyar ta bar tambayoyi da yawa ba ta ko karanta ba, saboda ranar jarrabawar ce karo na biyu da ta taɓa zama a gaban kwamfuta. Ɗan yayana ne ya riƙa kai ta wani shagon kwamfuta kowane ƙarshen mako tana gwaji da agogo a gabanta, har hannunta ya saba. Kawunta kuma shi ya lura tun da wuri cewa yadda muka rubuta sunanta a rajistar lambar NIN ya bambanta da na takardun makaranta da harafi ɗaya, kuskuren da mu muka yi da kanmu, ya yi ta zirga-zirga har aka daidaita kafin lokacin rajista. Allah ya saka musu da alheri, tare da yaron shagona da ya riƙe amana a duk yammacin da na baro kasuwa.

Yarinyar ta sami B3 a lissafi da C4 a Kemistiri, sauran darussan ma duk kiredit, sannan ta sami 248 a JAMB. Yanzu muna jiran tantancewar jami'a, muna roƙon 'yan uwa su ci gaba da sa ta a addu'a. Shi kuwa malamin farko na yafe masa kuɗin watan da ya tafi da shi, domin ni na buɗe masa ƙofa ban tambaye shi komai ba. Mahaifiyar yarinyar, wadda ta ɗauke mata aikin gida na tsawon watanni don ta sami lokacin karatu, ba ni da bakin gode mata sai dai addu'a.

Malama, na san za ki karanta wannan, kuma na cika alkawari ban faɗi sunanki ba. Allah ya tsare ki a hanyoyinki, ya albarkaci 'ya'yanki, ya haɗa su da masu riƙe su kamar yadda kika riƙe tawa. Atamfar da muka aika kin mayar kin ce an riga an biya ki haƙƙinki, to mahaifiyarta ta ce in sanar da ke cewa da ƙafarta za ta kawo miki ita, kuma ba za ta dawo da ita ba. Ƙanin yarinyar da yake aji biyu na ƙaramar sakandare zai fara zama da ke ranar Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu, na kuma tanadi farar takardar da kika ce, har da burodi.