Akuyar Littafi, Akuyar Fulawa

Iyaye mata, ɗan shekara 3 da wuya ya zauna minti goma, kar ki dage sai kun ƙare littafin da kike karanta masa. Shafi ɗaya ya isa. Nuna masa hoton akuya a ciki, tambaye shi ina wutsiyarta, me take ci, sai ku tashi ku gina ta da kwaɓin fulawa.

Kwaɓin: fulawa kofi 2, gishiri kofi 1, man gyaɗa cokali 2, ruwa kusan kofi 1. A hankali ake zuba ruwan, in ya yi yawa manne wa hannu yake, sai ki barbaɗa fulawa. Gishirin ke hana shi saurin tsami, amma ki lura kar yaron ya kai baki. Ko ƙafa biyar ya yi mata, ƙyale shi, ku ƙirga tare. Da hunturu nan da nan kwaɓin yake tsagewa, ki ƙulle ragowar a leda.