Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Iskar da Ta Fito Daga Saifa

Makon jiya mun tsaya inda Yaya ta kai ni asibiti cikin dare, cikina ya kumbura ya yi tauri, zazzaɓi na ta kaɗa ni.

Da ƙyar aka tsayar da ni aka ɗauki hoton ƙirji. Likita ya ɗaga shi a fitila, ya nuna wa Yaya wani baƙin layi kamar jinjirin wata a ƙasan huhuna. Ya ce, "Hajiya, wannan iska ce, kuma ba nan ne wurinta ba. A cikin hanji take zama. In ta fito fili, to wani wuri ya huje." Ya ce mafi yawa gyambon ciki ne ke hujewa, ko taifot ta ci ƙaramin hanji, abin da suka saba gani a nan arewa. Yaya ta sa hannu aka shiga da ni tiyata.

Sauran labarin bayan na farfaɗo na ji shi. Sun duba tumbi, sun bi hanji tun daga farkonsa har ƙarshe, babu ko ƙaramar ɓula. Sai da suka leƙa sama ta hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, suka tarar saifata ta tara mugunya har ta fashe. Akwai ƙwayoyin cuta irin su E. coli da Klebsiella da ke fitar da iska yayin da suke cin nama, su ne suka cika mini ciki. Likitan ya ce da wuya a gamu da irin wannan, kuma ciwon sukarin da nake fama da shi ne ya ba su ƙofa, kamar yadda sikila kan yi wa wasu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kafaɗar hagu. Na daɗe ina shafa mata man zafi, ashe saifar ce ke ƙuna a ƙarƙashin tantanin numfashi, wanda ya raba ƙirji da ciki, zafin yake haurowa har kafaɗa.

An cire saifar gaba ɗaya. Saboda rashin saifar, kafin sallama aka rubuta mini allurar rigakafin sanƙarau da ta ciwon huhu, aka ja mini kunne: duk zazzaɓin da ya taso, ko na cizon sauro ne, asibiti a ranar, ban da jira.

Mako mai zuwa zan kawo muku yadda muka yi da kuɗin maganin, da abin da maigida ya sayar.