Ƙuda, raga biyu, da milimita shida

Shagonmu a Kano ƙarami ne, ni da yara uku. Muna haɗa na'urar kashe ƙuda, irin wadda ake ratayewa a gidajen abinci da rumfunan mahauta, muna kuma gyara rakat ɗin sauro da ake kawo mana. Kayan haɗi mafi yawa daga kasuwar Sabon Gari nake sayo su: taransfoma, kwandansa mai tara wuta, ƙwan fitila mai shuɗin haske. Ragar kuwa da hannunmu muke yi, kuma nan ne aikin yake.

A cikin na'urar akwai jerin ƙarfe biyu, su ne ragar, suna fuskantar juna, ba sa taɓa juna. Ɗaya yana ɗauke da wuta mai ƙarfi, ɗayan babu. Iskar da ke tsakaninsu tana cikin abin da masana ke kira filin lantarki. Idan ƙarafan sun miƙe sosai, tazararsu ɗaya ce daga sama har ƙasa, to ƙarfin filin kusan ɗaya ne ko'ina a tsakiya, lissafin kuma sai ya zo da sauƙi: V = E × d. Bambancin bolt tsakanin ƙarafan (V) daidai yake da ƙarfin filin (E) sau tazara (d).

Ga yadda muke amfani da shi. A ce taransfoma tana ba da bolt 3,000, tazara kuma milimita 6. Ka raba, ka samu bolt 500 a kowace milimita. Daga ƙarfen da babu wuta, milimita ɗaya ciki bolt 500 ne, tsakiyar tazara 1,500. Busasshiyar iska tana jure kusan bolt 3,000 a milimita kafin ta bar tartsatsi ya ƙetare, don haka na'urar tana zaune shiru. Sai ƙuda ya shigo. Tsawonsa kusan milimita 6 zuwa 7 ne, jikinsa da laima, wuta tana bi ta cikinsa. Ya dafa ƙarfe ɗaya, ya bar rabin milimita tsakaninsa da ɗayan, bolt 3,000 ɗin duk sun taru a wannan ɗan wurin. Ya zama 6,000 a milimita, iska ba za ta ɗauka ba. Wannan ce ƙarar "tas" da mai shago yake jin daɗin ji.

Abin da na fi matsa wa yara a kai shi ne awon tazara. Ana auna ta kai tsaye ne daga wannan ƙarfe zuwa wancan, ba a karkace ba. Idan ka bi tsawon ƙarfe ɗaya, ko taku nawa ka yi, bolt bai canza ba. Ƙetarawa kawai ke canza shi. Ina da ɗan guntun roba mai kaurin milimita 6 daidai, a ɗaure da zare a jikin teburi. Duk ragar da aka gama sai an zura shi a kowane layi. Inda ya ƙi shiga, a buɗe. Inda ya yi lako-lako, a matse.

Masu saye sukan ce, "Malam, a ƙara mata wuta mana." Nakan ce, "Alhaji, idan na ƙara wutar da yawa ban buɗe raga ba, kwana za ta yi tana tartsatsi ita kaɗai, in kuma na buɗe ta da yawa ƙananan ƙwari su wuce abinsu." Gaskiya ba na son wannan roƙon, domin wasu masu haɗa na'urar sukan biya shi don kada ciniki ya kuɓuce, kuma a wurin da ake sayar da abinci yara suna kai-komo. Haka kuma ba na ɓoye wa mai saye cewa shuɗin hasken ƙuda yake ja, sauro bai damu da shi sosai ba.

Lissafin yana da iyaka. A bakin ƙarfe, ko inda aka yanke waya aka bar tsini, filin ba ɗaya ba ne, yana taruwa a tsinin, tartsatsi kuma ya fara daga nan tun bolt bai kai ba. Shi ya sa muke goge kowane baki da zarto har sai yatsa ya bi bai ji kaifi ba. Ƙurar hunturu ita ma tana kwanciya a kan robar da ke riƙe da ƙarafan. Da damina ta shigo ta sha laima, wuta ta samu hanya, ka ga baƙin layin ƙuna a jikin robar. Yawancin waɗanda ake dawo mana da su a watan Yuli wannan ne ciwonsu.

Mitar awon bolt da muke da ita a bolt 1,000 take tsayawa, ba a ɗora ta kai tsaye a kan raga. Kwandansa kuma tana riƙe wuta bayan an cire soket, saboda haka kafin yaro ya sa hannu sai ya haɗa ƙarafan biyu da sukundireba mai mariƙin roba, ya ji ta sauke, ya sake haɗawa karo na biyu.