Ranar da ruwa ya wanke mana hanya a duwatsun Shere

Kumburin gwiwata ya sabe tuni, amma haushin farar ƙasar nan bai bar ni ba. Masu shirya tseren gudun hawan duwatsun Shere da muka shiga sun bi hanya tun jajibere suna zana kibiya da garin farar ƙasa a kan duwatsu, wai ita ce za ta nuna mana inda za mu bi. A Jos fa, kuma cikin watan Agusta! Ko yaron da ke dakon kabeji a Farin Gada ya san a wannan wata hadari ba ya sallama kafin ya sauko.

Mun tashi daga wajen Lamingo da yayyafi, hawan farko kuma lafiya lau. Garin Jos kansa yana kan tsayin kusan mita 1,200, ƙololuwar Shere kuwa ta haura 1,800, don haka wanda ya taso a nan numfashi ba ya ba shi wahala kamar baƙin da suka zo daga Abuja. Yaran Pankshin dai ba a maganarsu, tun a gangaren farko muka daina ganin bayansu.

Muna dab da sama ruwa ya kece, har da 'yar ƙanƙara, sai hazo ya rufe ko'ina. Na iso wani falalen dutse inda hanya ta rabu biyu, na duba ƙasa, babu kibiya, sai wani farin ruwa-ruwa da ke gangarawa cikin tsaga. Babu jami'i ko ɗaya a wurin. Mutumin da ke gabana ya yi dama, muka bi shi mu da yawa, ashe shi ma lalube yake yi.

A nan na san sanyin dutse daban yake da na hunturun cikin gari. Muddin kana gudu jikinka da ɗumi. Da ka tsaya neman hanya, riga a jiƙe, iska na bugu, cikin 'yan mintoci haƙora sun fara haɗuwa. Igiyar takalmina ta kwance, yatsuna suka ƙi ɗaure ta. Wani ɗan Kaduna da ke tare da mu harshensa ya yi nauyi, yana ta cewa a bar shi ya ɗan zauna. Wani dattijo a cikinmu ya daka masa tsawa: "Ɗana, tashi! In ka zauna a nan ɗaukar ka za a yi." Ya zura masa babbar leda da ya huda wa wuya, ya tura masa dabino a baki. Ledar Naira nawa ce? Ita ta sauko da shi da ƙafarsa.

Wani yaro makiyayi ne ya cece mu, yana fake da shanunsa a gindin wani dutse. Ya dube mu ya ce, "Baffa, masu gudun ai can suka bi," ya nuna bayanmu da sanda. Kafin mu koma kan hanya, waɗanda na bari a baya tun Lamingo sun riga sun sauka suna shan shayi.

Gangarowar ma wani tashin hankali ne. Dutsen Jos idan ya jiƙa, musamman inda gansakuka ta kama, santsinsa kamar an zuba miyar kuɓewa. Takalmina na gwanjo ne daga Katako, mai haƙora a ƙasa, shi ya sa sau ɗaya kawai na sha ƙasa. Masu takalmin kwalta mai sumul da zama suka sauko. Duk mai niyyar shiga irin wannan tsere da damina ya fara duba ƙasan takalminsa, ya bar rigar auduga a gida don riƙe ruwa take yi, ya soke leda da usur a ƙugu. Idan kuma aka fara walƙiya, a bar kan tsauni nan take, kofi bai kai rai ba.

Sai dai babbar shawarata: ka je ka taka hanyar da ƙafarka kafin ranar, ka haddace mararraba da duwatsu da itatuwa, ka kuma tambayi masu shiryawa ƙiri-ƙiri da me suka yi alama. In suka ce farar ƙasa, ka nemi a ɗaura jan ƙyalle a sanda, a kuma ajiye mutum a kowace mararraba.

Da muka kai ƙorafi a wurin kammalawa, ɗaya daga cikin masu shirya tseren ya ce mana ruwa ai na Allah ne. Na ce masa haka ne, Malam, amma farar ƙasar ku kuka saya.